Ranar da Garmaho Ya Je Gayya

Duk Tsibiri babu wanda bai san aikin da Bube yake yi a wurin ginin madatsar Bakolori ba. Jan ƙyalle aka ba shi, in babbar mota ta taho ya ɗaga, in ta wuce ya sauke. Iyakar aikin ke nan. Amma in ya dawo gida ran hutu, ya zauna a gindin durumin bakin masallaci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, sai ka rantse a tafin hannunsa aka zana madatsar. "Ni da Italiyawa munka tare gulbi," haka yake cewa. Shi ya raɗa wa kansa Bube Injiniya, mutanen gari kuwa suka karɓa hannu biyu, don ba kullum ake samun abin dariya kyauta ba.

Shekara biyu yana ɗaga ƙyalle, gonar da ubansa ya bari a bakin fadama tana ɗaga ciyawa. A ta uku aiki ya ragu aka sallame shi, ya dawo yana cewa shi ya ajiye musu aikinsu don ya ga sun fara iyawa. Da ruwa ya sauka ya je ya yi shuka a tsaitsaye, bai sake leƙawa ba.

Wata safiyar Litinin Baffa Sallau, ƙanen ubansa kuma babban gidansu, ya kira shi zaure.

"Bube, ka ga gonar tsohonka?"

"Na gan ta, Baffa."

"Ni ban gan ta ba. Na tahi na iske harƙiya har ƙuguna, gero na can ƙasa shina neman agaji. Wagga gona gumin yayana ta. In rana ta hwaɗi ran Alhamis ba a nome ta ba, Gajere za ni ba."

Gajere ɗan wani ƙanen uban Bube ne, mutum marar magana, mai hannu kamar bayan kunkuru. Bube kuwa, in ka cire baki da agogon hannu, ba shi da komai a duniya sai wannan gona. Ya dubi tafin hannunsa, ya ga ya yi laushi kamar na jariri. Babu mafita sai gayya: a tara majiya ƙarfin gari, a dama musu fura, a raba goro, su nome gonar rana ɗaya.

Gayya kuwa ba ta yiwuwa sai da gangar noma, ganga kuwa a Tsibiri ta Dikko ce. Tsoho ne siriri mai ido ɗaya, amma ya san taken kowane manomi, da na ubansa, da na kakansa. In ya kaɗa wa mutum nasa, ko zazzaɓi yake yi sai ya tashi ya rungumi galma. Ladansa goro ne a ranar, in kaka ta yi kuma mai gona ya aika masa da damin gero ɗaya. Haka aka gada.

Da Dikko ya ji labarin gayya, ya zo gindin durumi da kansa. Bayan an gaisa, an tambayi gida da gajiya da ruwa, sai tsohon ya ɗaga murya cikin wasa irin na makaɗa: "Bube na Barira! Mai jan ƙyalle, sarkin tsai da mota! Ka tsai da tirela, ciyawa ta tsai da kai!"

Wurin ya kwashe da dariya. Da Bube ya yi dariyar nan tare da mutane, da yanzu ba mu da labari. Sai ya miƙe, ya gyara agogo.

"Tsoho, zamaninku ya wuce. Ni na ga akwatin da ka kiɗi tun sahe har marece a gidan Turawa, ba shi gajiya, ba shi cin goro, ba shi jiran damin kaka. Ran Alhamis garmaho za shi yi kiɗin gayyata."

"Shi garmahon ya san taken Mamuda ɗan Hindu?"

"Ya san na Bature ma, balle Mamuda."

Dikko ya tattara rigarsa. "To, Allah shi kai mu Alhamis."

Ran Talata Bube ya hau kekensa sai kasuwar Mafara. Can ya nemo Kyauta, kukun wani injiniya da ya koma ƙasarsu ya bar masa tarkace yana sayarwa. Garmaho biyu ne a kan tabarma. Kyauta ya nuna na farko, wani ɗan ja mai marfi da hannun ɗauka.

"Wanga ya dace da kai. Batir ka sa mashi, lasihikarshi na jikinai, ko bisa jaki shina waƙa."

Bube ya ɗaga shi da yatsa biyu, ya yamutsa fuska, ya ajiye. Idonsa na kan ɗayan: katako baƙi mai sheƙi, marfin gilashi, faranti na ƙarfe mai kauri, da wani siririn hannu kamar ƙafar zalɓe. Ya tsuguna ya rungume shi ya ɗaga, sai da jijiyar wuyansa ta fito. Ya ƙwanƙwasa gefensa, ya shafa bayansa, ya leƙa ƙarƙashinsa, duk yadda ake yi wa ragon layya.

"Wanga shi na garmaho."

"Shi na kam," in ji Kyauta. "Maigida ko ni bai bari in shahe shi. Amma ka ji gaskiya: ba shi magana shi kaɗai. Sai da akwatin ƙara murya da lasihika, su kau an saye tun jiya. Kuma sai wutar lantarki. Akwai wuta Tsibiri?"

"Kai da ka soya wa Bature ƙwai za ka koya mani inji? Ka taɓa ganin an zaɓi rago don sauƙin ɗauka?"

"Rago dai shina kuka da kainai."

"Ina allurar?"

Kyauta ya nuna masa wani ɗan ɗigo a bakin siririn hannun, ya ce lu'ulu'u ne. Bube ya taɓa hannun ya ji yana lilo kamar gashin kaza, ya girgiza kai irin na masana, ya ce nan ne Bature ya yi sake, amma shi zai gyara. Faya-fayi kuwa da hoton bango ya zaɓe su. Ya ga wata ƙatuwar mace ta wangale baki ta ɗaga hannu sama, ya ce da gani wannan ita ce babbar zabiyarsu, dubi wuyanta. Ya kwashi nata guda biyar. Abin da aka sallame shi da shi bai kai ba, ya cika da keken. Motar kasuwa ta sauke shi Maradun, daga nan ya ɗora garmaho a ka, ya taka har gida.

Da hantsin Laraba ƙofar gidansa ta cika. Bube ya shimfiɗa bargo, ya ɗora akwatin, ya buɗe gilashi, ya sa faifai, ya danna duk abin da ke dannuwa. Shiru. Ya riƙe igiyar wutar yana dube-dube, kamar zai ga inda zai soka ta a jikin katangar laka. Daga ƙarshe ya sa yatsa ya juya farantin da kansa, ya ce kowa ya yi tsit. Aka yi tsit. Can sai aka ji wani ɗan zizi kamar sauro a cikin tulu.

"Mi yac ce?" wani tsoho ya tambaya.

"Abu mai tsada ba shi ihu," in ji Bube. "Kun taɓa jin attajiri na ɗaga murya?"

Matarsa Barira tana bakin zaure da muciya a hannu, tun jiya take daka geron fura. Ta ce, "To, Injiniya, ashe gobe kowane manomi sai shi ɗora kunne bisa akwati kahin shi sari ƙasa."

"Ke mi kin sani ga aikin lantarki?"

"Ban san komi ba. Na dai san geron da nika daka shi na na ƙarshe cikin rumbu. Ka tahi ka ba Dikko haƙuri, goro biyu ya ishe shi."

"Ni? In duƙa ma mai ganga?"

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma Bube haka ya yi. Ya koma Maradun a ƙafa, ya yi ta zuba wa mutane zaƙin baki har mai walda ya ba shi aron ƙaramin janareto, mai tallan maganin shawara kuma ya ba shi ƙatuwar lasifikarsa ta kasuwa da akwatinta da batir. Sai dab da magariba jaki ya iso da kayan, ba a sami damar gwadawa ba. Bube ya ce masu shakkar aikinsu ne ke gwaji. Ya dai samo ɗan dutse kamar ƙwan zabo, ya ɗaure shi da zare a kan siririn hannun nan, don allura ta kama faifai da ƙarfi.

Ran Alhamis tun da sassafe maza arba'in suka tsaya a bakin gona da galmuna a kafaɗa. Ba don Bube suka zo ba, don ubansa suka zo, sauran kuma don kallo. Mamuda ɗan Hindu, barden noman garin, yana gaba. Baffa Sallau ya zauna a gindin gawo da carbinsa. A can ƙetaren iyaka, cikin 'yar gonarsa, Gajere yana noma shi kaɗai, ga Dikko zaune kan kututture kusa da shi, ganga a cinya, wai iska ya fito sha.

Bube ya kifa turmi a tsakiyar kunyoyi ya ɗora garmaho. Turmin ya karkace, ya tokare shi da hogen ƙasa. Ya rataye lasifika a reshen gawo, ya murɗa wayoyi ya cusa su inda mai magani ke cusa abin maganarsa. Sauran faya-fayi huɗu ya zaro su daga rigunansu na takarda ya jera a kan tabarma cikin fili, don kowa ya ga sheƙinsu. Sa'an nan ya yi jawabi. Ya yi jawabi har rana ta ɗaga, ya bayyana yadda Bature ke kama murya ya kwantar da ita cikin layi, kamar yadda shi da su suka kwantar da gulbi.

"Injiniya," in ji Mamuda, "rana na yi."

Bube ya ja igiyar janareto sau tara, a na goma ya tashi da hayaƙi da rawar jiki, turmi ya kama rawa tare da shi. Faranti ya soma juyawa. Bube ya ga juyin ya yi masa sanyi, ya ce da wannan tafiyar hawainiya yaushe za a gama gona, ya murɗa shi zuwa mafi sauri. Ya ɗora hannun da dutsensa.

Da fari wata ƙara ta fito kamar ana yage sabon yadi. Daga nan zabiyar Turawa ta buɗe baki.

Jama'a, ba waƙa ba ce, kururuwa ce. Siririya, doguwa, tana hawa tana ƙara hawa, irin wadda mace ke yi in an shigo mata da gawa. Jakin da ya kawo kaya ya tsinke igiya ya yanki daji. Tsuntsayen kan gawo suka watse. Maza arba'in suka tsaya da galma a sama, kowa na duban ɗan'uwansa.

"Ku sari ƙasa mana!" Bube ya yi tsawa. "Kiɗi ya tashi!"

"A ina za mu sara?" in ji Mamuda. "Ina gangar take? Wagga baiwar Allah wa ya mutu gare ta?"

"Taken manoman Italiya na!"

"To Allah shi jiƙan manoman Italiya."

Wasu masu jin kunya suka gwada. Mutum ya ɗaga galma yana jiran inda kiɗi zai sauka, muryar ta ƙi sauka, ya gaji ya sauke a ƙafarsa. Janareto ya yi tari, allura ta yi tsalle, matar ta sake kamo kukan daga farko.

Iska kuwa ta kwashi kukan nan ta kai cikin gari. Ba a jima ba sai ga mata sun ɓullo ta hanyar rijiya a guje, wasu ba mayafi, hannu a ka, ana salati. Tsohuwa Hindu ce a gaba tana kiran sunan ɗanta, don ta tabbata maciji ya sari Mamuda. Bayansu ga liman yana sauri da sandarsa, ga wani ya riga ya ɗauko magirbi don haƙa kabari. Barira ta iso da ƙwaryar fura a ka tana haki, ta ga mijinta tsaye da ransa yana kaɗa hannu a iska kamar mai tsai da mota. Ta sauke ƙwarya a hankali.

"Wa ya rasu?" liman ya tambaya.

"Babu kowa, Malam," in ji Barira. "Tukuna dai."

Hindu ta shafa ɗanta sama da ƙasa ta ga lafiyarsa lau, sa'an nan ta juya kan Bube. Abin da ta faɗa masa ba zai rubutu ba, amma ta fara daga kakansa.

"Ku dakata!" in ji Bube, gumi na zuba. "Wanga faifan na shiga na. Na aiki na nan tahe."

Ya ruga wurin tabarma. Rana ta kai tsaka, faya-fayin nan huɗu da ya shanya sun sha ta sun ƙoshi. Ɗaya ya naɗe baki kamar ganyen kabewa, ɗaya ya zama kwano. Ya ɗauki mai dama-dama, ya ƙona masa yatsu, ya jure, ya ɗora. Faifai na juyawa yana tashi yana faɗawa, siririn hannun na bin sa kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa, dutse na lilo. Sai allura ta maƙale a layi ɗaya. Zabiya ta shiga cewa "Ayyi! Ayyi! Ayyi!" babu ƙaƙƙautawa, kamar wadda ake tsunkula. Yanzu kam har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. A juyi na ƙarshe zare ya kwance, dutse ya faɗi, hannun ya zame ya ja wata doguwar ƙara, allurar lu'ulu'u ta tsinke ta faɗa cikin harƙiya. Janareto ya yi tari biyu ya mutu.

Gona ta yi tsit. Ko kunya ɗaya ba a nome ba.

A cikin wannan shirun aka ji ganga daga ƙetaren iyaka. Dikko bai ɗaga kai ba, bai kira kowa ba, ya dai kaɗa taken Mamuda ɗan Hindu a hankali, kamar mai gwada fata. Kafaɗar Mamuda ta motsa. Ya dubi Bube, ya dubi ƙasa, ya yi kururuwar kirari, ya tsallake iyaka a guje. Dikko ya juya zuwa taken Ja'afaru, Ja'afaru ya bi. Ɗaya bayan ɗaya tsohon yake tsince su kamar mai tsinkar kuɓewa.

Bube ya sha gabansu ya ware hannuwa. "Ku tsaya! Gayyata ta! Furata za ku sha!" Ya fizge jan rawanin wani ya ɗaga sama. Tirela ta sha tsaya masa, manomin da ya ji takensa bai tsaya ba. Kafin a yi azahar sun share 'yar gonar Gajere tas.

Bube ya koma gindin gawo ya durƙusa. "Baffa, rana ba ta hwaɗi ba tukuna."

"Ba ta hwaɗi ba," in ji Baffa Sallau. "Ga galma nan, ga Dikko can. Ɗauki wadda kaka iyawa."

Bube ya dubi Dikko, ya ga duk gari na kallo, ƙafarsa ta ƙi zuwa. Ya ɗauki galma. Ya yi kunya ɗaya da rabi, tafinsa ya yi bororo ya fashe, ya zauna a cikin ciyawa. A nan rana ta faɗi ta same shi. Ya ji baƙin cikin da bai taɓa ji ba, don a wannan gonar ubansa ya fara riƙa masa hannu ya koya masa shuka.

Washegari bayan sallar Juma'a maza arba'in ɗin nan suka dawo, Dikko na gaba, suka nome gonar kafin la'asar. Gonar Gajere ce yanzu.

Da gero ya fitar da kai tsuntsaye suka sauko wa fadama, Gajere ya zo ya roƙi lanƙwasassun faya-fayin nan wurin Barira. Ya huda su ya rataye a dogayen sanduna. In iska ta kaɗa sai su juya suna walƙiya, ko ɗan tsuntsu ɗaya bai sauka ba. Geron da aka girbe a gonar nan bana, tsofaffi suka ce rabonsu da ganin irinsa tun mai ita na da rai. Bube ya sami abin faɗa a gindin durumi: "Dabarar Italiya ta. Ni nik kawo ta garin ga."

Ran da aka gama ɗaurin gero, yana tsakiyar wannan zance a ƙofar gidansa sai ga Gajere da jaki, dami biyu a kai. Ya yi sallama, ya gaida mutane ɗaya bayan ɗaya, ya sauke dami ɗaya a gaban Bube.

"Wanga hwa?"

"Baffa ya ce a ba kowane makaɗi haƙƙinai," in ji Gajere. "Wancan na Dikko na. Wanga naka na, kayan kiɗinka sun yi tsaron gona."

Bube ya buɗe baki zai ce a kwashe, ya ce shi ba maroƙi ba ne. Kafin kalma ta fito Barira ta leƙo daga zaure, ta dubi damin, ta dubi rumbunsu da kaji ke kwana a ciki.

"Mun gode, Gajere. Allah shi ƙara ma maigona arziki."

Ta ja damin ciki. Ba a daɗe ba aka ji taɓarya na sauka a turmin nan da aka kifa a gona. Da aka kawo tuwo Bube ya ci, kansa a sunkuye. Tun loma ta farko ya gane geron gonar ubansa.